Ƙarfe a Hantar Balkisa

A bakin kogi, a Gaya, Balkisa ta yi mini tambayar da na daɗe ina gudu. Lokacin gada a rufe take, da kwalekwale ake ƙetarawa daga Nijar zuwa Malanbil. Muna zaune kan buhunan wani mai albasa muna jira layi ya zo kanmu, sai ta ce, "Baba, farmasin naka shina da bene?"

Na ce, "In munka isa kya gani."

Sunana Isufu, mutumin Tamaske ne ni. Shekara goma sha tara ina zuwa biɗa, wato neman kuɗi, a Abijan. A garinmu ba a kirana da sunana, Lokotoro ake ce mini, wato likita, saboda kowa ya san aikin magani nake yi. Abin da ba su sani ba, kwali nake ɗorawa a ka ina zagaya tashar Ajame: maganin ciwon kai, na basur, na tsutsar ciki, da kwalaben maganin ruwa da ake ce wa siro. Ban taɓa cewa da bakina ina da farmasi ba, wato shagon sayar da magani. Amma ran da wani ya faɗa a bakin masallaci ban ƙaryata ba, har ma daga baya na ari farar riga wajen wani mai sharar farmasi na ɗauki hoto na aika gida.

Balkisa ita ce ɗiyata ta uku, shekararta goma sha biyar. Da amosanin jini aka haife ta, wanda a asibitocinmu ake ce wa emasi. Tana shekara tara ciwon ya taɓa mata kai, hannunta na hagu ya yi sanyi, daga nan likitocin Tawa suka sa a riƙa ƙara mata jini a kai a kai don kada ya sake. Uwarta Hajara ke kai ta, 'yan'uwan uwarta ke ba da jinin. Ni sau biyu kaɗai na taɓa tsayawa a kanta ana ƙarin. Nawa aikin aike ne. Duk wanda zai tafi gida sai na ba shi siron ƙarin jini, mai jar takarda, na ce cokali safe cokali maraice.

Wata rana Hajara ta kira ni ta ce, "Maigida, likitan Tawa yac ce kar a ba ta siron ga, wai shina da ƙarhe a ciki."

Dariya na yi. Na ce, "Yarinyar da jini bai ishe ta ba, a hana ta maganin jini? Ni ka saida magani, na san abin da ni ka aikowa. Ki ci gaba da ba ta, kuma ba sai kin hwaɗa mishi ba."

Ta ci gaba. Shekara huɗu ke nan.

Da na je gida noman bana sai na iske yarinyar ta sake. Fatarta ta dushe kamar an shafa mata toka, daga ɗaki zuwa rijiya sai ta zauna ta huta, gefen cikinta na dama a ƙasan haƙarƙari yana mata ciwo. Tsararrakinta duk sun zama 'yanmata, ita in ka gan ta sai ka ce shekararta sha ɗaya. Likitan Tawa ya rubuta takarda a kai ta Yamai a yi mata wani awo. Ni kuwa a gaban maza na ce, "Yamai mi? Abijan za ni da ita, can nis san manyan likitoci." Na ninke takardar na sa aljihu. Haka muka sami kanmu a bakin kogi.

Balkisa ba ta taɓa ganin ruwa mai faɗin haka ba. Ta riƙe gefen kwalekwale da hannunta mai lafiya, ta rufe ido har muka isa. Mai tuƙin, wani ɗan ƙabilar Dandi baƙi dogo, bai bari ta taka laka ba, ya ɗauke ta cak ya ajiye a busasshen wuri, bai ko tsaya na yi masa godiya ba.

A Malanbil aka cuce mu. Wani mai riga irin ta ma'aikatan tasha ya tare ni ya ce akwai kar, babbar motar fasinja, mai zuwa Abijan kai tsaye, saura wuri biyu. Ni da na bi hanyar nan ba adadi, na san ba a sayen tikiti a hannun mai tare mutum. Amma ina so yarinyar ta ga ubanta ya san gari, ba ya tsayawa tambaya. Na saya. Motar ta sauke mu a Paraku, direba ya nuna mana wata ya ce mu shiga waccan. Yaran waccan suka duba tikitinmu suka miƙo mini, suka ce ba su san kamfanin ba. Kafin na waiwaya ta farkon ta juya. Muka wuni a rana a tasha, ba inuwa sai ta jikin wata babbar mota. Wajen la'asar Balkisa ta fara murza gwiwoyinta, na kuwa san alamar. In ruwan jikinta ya yi ƙasa, ƙasusuwa ke fara yi mata magana.

Washegari muka sami motar Kotonu. Mun ɗan taɓa tafiya sai wani mutum ya miƙe a tsakiyar mota da jaka a kafaɗa, ya ɗaga wata kwalba ya fara shela da Faransanci. Maganin wanke jini, maganin gajiya, mai sa yaro ya yi ƙiba, likitocin Turai ma shi suke sha. Kalma bayan kalma, har inda ake tsayawa a yi dariya, irin abin da nake faɗa ne a Ajame. Balkisa ta yi lakwal, wato makarantar boko, har aji biyu na kwaleji kafin ciwo ya zaunar da ita, ta fi ni jin Faransanci nesa. Ta saurare shi tsaf sannan ta ce, "Baba, shi ma lokotoro na?"

Na ce, "Maƙaryaci na." Na juya ina kallon itatuwa ta taga, ban sake juyowa ba sai da ya sauka.

Daga Kotonu zuwa Lome wata mata ce ta zauna kusa da mu, 'yar Togo mai sayar da atamfa, ana ce mata Maman Afi. Tana jin Hausa kaɗan, irin ta zango. Da ta ga yarinyar tana cije leɓe sai ta sauke kayanta daga cinya, ta ce ta kwanta a jikinta. Ta riƙa matsa mata ƙafafu tana ba ta ruwa kurɓi kurɓi. Da aka tsaya cin abinci na fiddo kwalbar siro da cokali kamar yadda na saba. Matar ta miƙo hannu ta karɓa, ta karanta takardar jikin.

Ta ce, "Yarinya, emasi ne da ke?"

Balkisa ta ce i.

"An ƙara miki jini?"

"Sau da yawa."

Ta dube ni. "Baba, wannan ba nata ba ne. Ɗana ma irin ciwon ne da shi. Likita ya hana shi duk abin da aka rubuta fer a jiki."

Na ce, "Madam, ni aikin magani nake yi."

Ta dubi fuskata, ta dubi hannuwana, ta dubi silifas ɗin da ke ƙafata. Ta miƙo mini kwalbar. Da za ta sauka a Lome ta ciro zane ɗaya sabo ta lulluɓa wa Balkisa, ta sunkuya ta yi mata raɗa a kunne. Tun daga nan in na fiddo cokali sai yarinyar ta ce zuciyarta na tashi. Ban matsa mata ba, amma ban yar da kwalbar ba.

A Gana ba mai jin mu, ba ma jin kowa. Nan kewar gida ta kama ta. Ta ƙi cin dokunun da na sayo, ta ce ita fura take so, irin wadda Inna ke damawa da nonon Fulanin bayan gari. Ta riƙa kallon gonakin rogo tana cewa, "Yanzu hatsinmu ya hidda kai. Yanzu Inna ta taho daga gona." A iyakar shiga Kodebuwa aka sauke mu duka aka jera a rana ana duba katin rigakafi. Wani jami'i ya hango ta tana tangaɗi, ya tashi daga kujerarsa ya kai ta inuwa ya zaunar da ita, shi ya ƙarasa aikinsa a tsaye.

Da hantsi muka shiga Ajame, kwana na biyar. Ina sauke jaka sai na ji an ƙwala, "Isufu mai kwali ya dawo!" Abokan sana'ata ne, mutanen yankinmu na Adar, kowa da kayansa a ka. Sale, wanda na bar wa kayana ajiya, ya rugo da murna ya dire kwalina a gabana, da igiyarsa da gammonsa. Balkisa ta dubi kwalin, ta dubi mazan, ta dube ni. Ta sunkuya ta gwada ɗaga shi da hannu ɗaya.

Ta ce, "Da nauyi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ɗakinmu mu takwas ne maza, ba wurin da za a sa 'ya mace. Na kai ta unguwar Abobo wajen Gwaggo Sa'a, wata dattijuwa 'yar garin Buza mai tuwon sayarwa, wadda ta fi shekara talatin a garin. Tana ganin yarinyar ta ajiye mara ta ce, "Isufu, kana tsoron Allah kuwa? Ɗiya cikin wanga hali kad ɗauko bisa mota tun daga Adar?" Ta shimfiɗa mata katifarta, ta aika aka nemo gero, kafin azahar ta dama mata fura. Ran nan na fara ganin Balkisa ta yi murmushi tun Gaya.

Manyan likitocin da na ce na sani, ban san ko ɗaya ba. Kwana uku muna zuwa babban asibiti muna bin layin da ba namu ba, daga wannan taga a tura mu waccan. Sai wani mai goge daɓen asibitin, da ke cin tuwo wajen Gwaggo Sa'a, ya kama hannuna ya kai mu ƙofar sashen masu ciwon jini.

Likitar mace ce, gajera, mai tabarau. Ta nemi karnen asibiti, ɗan littafin da ake rubuta jinyarta a ciki. Hajara ta naɗe shi cikin leda biyu, ba shafin da ya yage, kowane ƙarin jini da ranarsa da hatiminsa. Likitar ta bi shafi shafi tana ƙirgawa da bakin biro. Da ta gama ta ce, "Wanda ya adana wannan ya yi ƙoƙari." Ta rubuta mana awon jini, da hoton zuciya, da wani hoton hanta da ake tura mutum cikin na'ura mai kama da bututu. Bayan mako muka koma.

Ta zaunar da mu ta yi bayani a hankali, inda na kasa ganewa Balkisa ta mayar mini da Hausa. Ta ce a cikin jinin kowa akwai ƙarfe, wanda suke ce wa fer, kuma jiki na buƙatarsa. Amma duk ledar jinin da aka ƙara wa mutum da nata ƙarfen take zuwa, jiki kuwa ba shi da ƙofar fitar da rarar. Sai ya riƙa tarawa a hanta, a zuciya, da wuraren da ke sa yaro ya girma. Shi ya dusar mata da fata, shi ya tsayar mata da girma, shi ke mata ciwo a gefen ciki. Ta ce ƙarin jinin ba kuskure ba ne, shi ya raya ta, sai dai wanda ake yawan ƙara wa jini dole a riƙa auna masa ƙarfe ana ba shi maganin fitar da shi. Ta nuna mana lambar awon, feritin, ta ce ta hau sosai. Hanta ta cika, amma zuciya ba ta kai haka ba tukuna.

Sannan ta ce, "Akwai wani magani da take sha ban da na asibiti?"

Na buɗe baki zan ce babu. Sai Balkisa ta zuge jakarta ta fiddo kwalbar nan mai jar takarda ta ajiye kan tebur. Ban san lokacin da ta ɗauke ta daga kayana ba.

Likitar ta juya kwalbar, fuskarta ta canza. "Tun yaushe?"

Balkisa ta ce, "Shekara huɗu. Safe da maraice."

"Wa ke ba ta wannan?"

Ni ta duba. Da Faransancina na tasha na ce, "Uwarta ce, can ƙauye. Kin san matan ƙauye, duk abin da suka gani a kasuwa sai su saya."

Na ɗauka maganar za ta tsaya nan. Sai likitar ta ce, "Tana da waya? Kira ta yanzu. In yarinyar ta koma gida hannunta za ta koma, dole ta ji daga bakina."

Na kira, aka buɗe muryar kowa na ji. Ina jin ƙarar taɓarya a bayanta, da kukan akuyarmu. Likitar ta yi faɗa, ba da zagi ba, amma da zafi. Ta ce wannan abu da take ɗura wa yarinya ƙara mata ciwo yake, ta ce uwa ba ta ba ɗanta abin da likita bai rubuta ba. Kuma Balkisa ce ke fassarawa. Idonta a ƙasa, tana rage kaifin maganar inda za ta iya.

Hajara ta ce, "Ki ce ma likita na ji. Laihina na, ba ni ƙarawa. Ki tambaye ta, ɗiyata za ta tashi?"

Likitar ta ce in an bi magani, da yardar Allah. Ƙwaya ce ake narkawa a ruwa, a sha da safe kafin a ci komai, kullum, ba wata ɗaya ba, ba shekara ɗaya ba. Tana kama ƙarfen ta fitar da shi ta bayan gida kaɗan kaɗan. Duk wata a auna jini da fitsari don a ga ƙoda da hanta na ɗauka, lokaci lokaci a duba ido da kunne. In amai ko zawo ya yi yawa, ko zazzaɓi ya zo, a tsaya a zo asibiti, kada a yi dabara a gida. Ta haɗa mu da wata ƙungiya ta iyayen masu emasi da ke taimakawa wajen samun ƙwayar, don tsadarta ta fi ƙarfin irina.

A motar komawa Abobo Balkisa ba ta yi mini magana ba. Ni ma ban yi mata ba.

Kullum da sassafe kafin in tafi tasha sai in biya gidan Gwaggo Sa'a in narka ƙwayar in ba ta. Ruwan kan yi fari kamar an dama alli. Yana tayar mata da zuciya, ya sa mata ciwon ciki, ƙuraje suka feso mata a wuya. Tana sha tana yamutsa fuska. Sau uku na kira Hajara da niyyar ba ta haƙuri, sau uku na ƙare da tambayar hatsi da lafiyar awaki. Ita ma ba ta tayar da maganar ba.

Ran kwana na goma sha biyu na miƙa wa Balkisa kofi ta kau da kai.

"Ba ni sha."

"Don mi?"

"Kai kac ce siro magani na, nis sha shekara huɗu. Yanzu kuma kai ka cewa wanga magani na. Da mi zan gane?"

Na ce, "Ai likita ta rubuta, kina wurin."

"Likitar da kay yi ma ƙarya?" Ba ta ɗaga murya ba. "Baba, kwalin bai dame ni ba, da shi kac ciyar da mu. Amma ni kas sa nif faɗa ma Inna da bakina. Ni kas sa."

Gwaggo Sa'a na bakin murhu, ta ji komai. Ba ta juyo ba, ta ce, "Isufu, aje kohin ga. Ba shi shiga cikinta daga hannunka sai ka gyara abin da kab ɓata."

Ran nan ban ɗauki kwali ba. Muka koma asibiti ba ranarmu ba, muka zauna a benci har likitar ta sallami kowa. Da muka shiga ban yarda Balkisa ta fassara mini ba. Da guntun Faransancina na faɗa mata duka: ni ke sayar da siron a tasha, ni ke aikawa, matata ta gaya mini likitan Tawa ya hana, ni na ce ta ci gaba kuma ta ɓoye masa. Na ciro takardar Yamai da ta yi laushi a aljihuna na ajiye mata.

Ta cire tabarau ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Ka sa na yi wa baiwar Allah faɗa a banza."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "Bari in gaya maka gaskiya, don kada ka ɗauki abin da ya fi naka ko ka rage. Yawancin ƙarfen nan daga jinin da aka ƙara mata ya zo, ko ba siro sai ya taru. Siron ƙari ya yi a kan kaya. Shi kansa ba guba ba ne, akwai mai cikin da ƙarfe ya yi wa kaɗan, ita ya dace da ita. Amma awo ke nuna wa ya dace da shi, kai ba ka da abin awo. Abin da ya fi muni, kun ɓoye wa likitanta." Ta turo mini wayata da ke kan tebur. "Wa kuma kake aika wa?"

Na ce akwai ɗan ƙanwata a Deule, shi ma emasi ne, an ƙara masa jini 'yan lokuta.

"Kira uwarsa. Wannan karon kai za ka yi magana."

Na kira ƙanwata a gabansu. Na ce ta daina ba yaron siro, ta kai shi a auna shi, ta gaya wa likita duk abin da ya sha. Ta ce, "Yaya, ba kai kac ce shi ya fi na asibiti ba?" Na ce, "Ni nic ce. Ban san komi ba. Ni ba lokotoro ba na, talla ni kai." Na san kafin la'asar maganar ta zaga Deule, kafin Juma'a ta isa Tamaske.

Likitar ta sa aka kawo ruwa, ta narka ƙwayar da hannunta. Ta buɗe takardar awo a gaban Balkisa, ta zagaye lambar da biro ta ce, "Kin iya karatu. Kada ki yarda da ni, kada ki yarda da babanki. Ki sha wata uku, mu sake aunawa, ke za ki karanta mini lambar." Ta duba ƙurajen ta ce masu wucewa ne, ta ɗan rage yawan ƙwayar na mako biyu. Balkisa ta ɗauki kofin ta shanye.

Ban koma talla ba. Na bar wa Sale kwalin, na roƙe shi ya riƙa tambaya kafin ya sayar da siro, ko an taɓa ƙara wa mai sha jini. Ya dube ni kamar na taɓu. Na koma wajen mutanen Galma masu kawo albasa ina sauke musu buhu daga mota. Bayana ya yi ta ciwo, 'yan garinmu da ke tashar suka riƙa tsokanata, wai Lokotoro ya koma ɗan dako. Ban taɓa ramawa ba.

Da wata uku suka cika Balkisa ta karanta lambar da kanta. Ta sauka, ba da yawa ba, amma ta sauka. Ciwon gefen cikin ya ragu, tana iya taya Gwaggo Sa'a tuƙa miya. Likitar ta rubuta doguwar wasiƙa ta haɗa da tsohuwar takardar Tawa ta ce, "Ku koma. A Yamai akwai masu bin irin wannan, sun fi kusa da uwarta. Can ya kamata ka fara kai ta."

Muka biya ta Yamai aka buɗe mata dosiye, wato fayil, aka ba mu ranar dawowa, aka ce awon wata-wata a riƙa yi mata a Tawa. Mun isa Tamaske an gama girbi, an ɗaure damma. Masu zuwa sannu da zuwa suka cika zaure, wasu suka fara "Loko…" sai su haɗiye su ce Isufu. Ban iya haɗa ido da surukina ba, wanda 'ya'yansa uku suka sha ba Balkisa jininsu.

Washegari da safe na iske Hajara a tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa a gabanta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan.

Na ce, "Hajara, ni nic ce ma likita ke ta. Ki gahwarta mini."

Ba ta daina tankaɗen ba. Ta ce, "Na sani. Tun da nij ji yadda taka hwaɗa nas san abin da anka gaya mata."

"To don mi kinka amsa?"

Sai a nan ta ajiye rariyar ta dube ni. "Kana ƙasar mutane, da ɗiyata ba lahiya a hannunka. In likita ta rena ka ran nan, wa za shi tsaya mata? Ba don kai niy yi ba."

Ta karkaɗe garin hannunta a zane, ta ce, "Na yahe. Amma daga yau duk abin da za shi shiga bakin yarinyar ga, ni da ita da likita mu ka da magana. Tashi, mutane na shigowa. Motar Tawa ta kusa tashi, yau ranar awon hitsarinta ta, kai za ka kai ta."

Na tashi na je na sa takalmi.